Injin 1964 da hannun ɗan Ƙofar Ruwa

Wata shida ke nan da faruwar abin, amma har yau idan na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Garejin da nake aiki yana tsakiyar Ingila, ba nisa da filin tseren Silverstone, kuma tsofaffin motocin tsere kaɗai muke taɓawa. Aka kawo mana mota MGB ƙirar 1964, oga ya ce ni zan haɗa injinta tun daga tushe.

Wannan aiki ba irin namu na gida ba ne. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, tana da kundin doka da ake kira Appendix K, kuma motocin 1962 zuwa 1965 ajinsu ɗaya. Abin da ba a yi amfani da shi a wancan zamanin ba, ba ka da ikon sa shi, ko da ya fi kyau sau goma. Kan injin na alminiyum yana nan a kasuwa, ya fi sauƙin nauyi, amma dole ka zauna da na baƙin ƙarfe. Injin asalinsa cc 1798 ne, idan an faɗaɗa ramukan fistin iya abin da aka yarda sai ya tsaya wajen 1840, ba ƙari. Kafireto ɗin Weber 45 an yarda da shi saboda yana cikin takardun motar tun wancan lokaci. Duk ƙarfin da kake nema sai dai ka tono shi daga tsabtar aiki: fistin huɗu su zo nauyi ɗaya, karanshaf ya daidaita, bawul ya zauna daram. Wallahi na so aikin nan. Ni da na tashi inda ake ɗora abin da aka samu don mota ta tashi, sai ga ni ina auna ratar da ido ba ya gani.

Ranar da mai motar ya zo, ya tarar da ni a kan injin. Bai amsa gaisuwata ba. Ya ja oga gefe, amma ina jin su, ya ce yana so wani ya sake auna duk abin da na auna. Abin da ya fi ƙona mini rai, oga bai ce uffan ba. Ya ɗauko ma'auni, a gabana, a gaban yaron da ni nake koya wa aiki, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Komai ya zo daidai da abin da na rubuta. Babu wanda ya ce mini yi haƙuri. Motar ta je tsere ta gama lafiya, ko ɗigon baƙin mai ba ta zubar ba, sai katin godiya ya iso da sunan oga shi kaɗai.

Da a Kano ne, wa zai yi wa ɗan Baba haka? Shekara arba'in Baba yana kwance injin Peugeot 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Yakan ɗora sukudireba a jikin injin, ya kara kunnensa, ya gaya maka metal ɗin da ya cinye, wato ƙarfen da karanshaf yake juyawa a kai. Direbobin Kano zuwa Maiduguri kwana suke yi suna jiransa, ba su yarda wani ya taɓa musu mota ba. A hannunsa na koyi komai, har da rashin gaggawa wajen ɗaure noti.

Na kira shi a daren, ban gaya masa maganar awon ba. Na ce, "Baba, na haɗa injin da ya girme ni, kuma ya yi tsere." Ya yi ta sa mini albarka, yana tambaya ko metal uku ne ko biyar. Na ce uku ne. Ya ce to a kula da baƙin mai.

Yanzu yanar ido ta hana shi fita gareji. Ƙanena ya ajiye sifana ya koma tuƙin a-daidaita-sahu, rumfar Baba kuma Yaya yana so a ba da haya. Ni ban yarda ba, mun yi cacar baki a waya har Inna ta karɓe ta ce mu bari. Kuɗin aikin idon zan tura ƙarshen wata. Maganar rumfa kuwa na gaya wa Yaya a bar ta a rufe sai na zo da Babbar Sallah, idan takardata ta fito.