Kwana uku injin yana aunawa, babu wanda ya gani

Shekara biyu ke nan da na kafa na'urar auna yanayi a saman gidan da nake haya a Agege. Ba wata babba ba ce. Akwai ma'aunin ruwan sama mai ɗan cokali da ke kifewa duk sanda milimita 0.2 ta taru, da farfelar iska, da ma'aunin zafi. A ɗaki kuma wata 'yar kwamfuta, Raspberry Pi, mai manhajar WeeWX, tana tattara alƙaluman duk minti biyar ta tura wa Weather Underground, wani shafin intanet da ke nuna alƙaluman yanayi.

Cikin watan Yuni, lokacin da ruwan Legas ya fi ƙarfi, aka kwana ana tafkawa. Da asuba ƙanin mahaifina, mai sauke tumatir a kasuwar Mile 12, ya kira ni.

"Ɗana, me injin naka ya ce? In fito da mota ko in dakata?"

"Baffa, ina zuwa, bari in duba."

Ina buɗe waya sai na ga alƙaluman sun tsaya tun Talata. Ranar kuwa Juma'a ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin mutum ya dogara da ni. Ashe datar da kwamfutar ke turawa da ita ce ta ƙare. Fitilar kwamfutar tana ci, awo yana shiga katin ajiya, manhajar ma ta rubuta kowace gazawa a kundinta, to amma wa ke buɗe kundin kullum?

Da farko na rubuta ɗan umarni da ke leƙa kundin, in minti ashirin suka wuce ba a tura komai ba ya aiko mini saƙo. Daga baya na gane kuskurena: ranar da babu data, ko aka ɗauke wuta, ta ina saƙon zai fita? Sai na juya tsarin. Yanzu duk turawar da ta yi nasara, kwamfutar takan sanar da Healthchecks, wani shafin intanet mai sa ido wanda ke can waje da gidana. Shirun rabin awa kawai yake jira ya buga mini ƙararrawa a waya.

Makon jiya ta buga ina cikin motar danfo a Oshodi. Na kira maiɗakina ta duba, ta tarar filogin ne ya saki. Kafin in kai Ikeja alƙaluman sun dawo.