Karen farautar wane

A Katsina in aka ce da yaro karen farautar wane ne, ba yabo ba ne. Shi ke shiga ƙaya, nama kuwa na mai kare.

Turawa abincin igwa suke ce wa irinsu, wato sojojin da ake turawa bakin wuta ba a damu su dawo ba. A yaƙin Somme, ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, sojan Ingila sama da 19,000 suka mutu.

Namu ba igwa, sai adda da ƙwaya. Lokacin zaɓe na ga ana raba wa ƙauraye, wato 'yan daba, kuɗin shayi wajen Ƙofar Ƙaura, alhali 'ya'yan ɗan siyasar da suke yi wa aiki suna karatu a waje. Wallahi abin ya ci mini rai. Da aka kama wasu daga cikin ƙaurayen, ko beli ba wanda ya je.