Kalmar showgirl da wahalar da na sha wajen mayar da ita Hausa

Ranar wata Asabar da la'asar ina zaune a tsakar gida a unguwarmu ta Bukoki, ina gyaran takardun 'yan ajina, sai ɗiyar ƙanwata ta miƙo mini wayarta ta ce, "Kawu, mene ne ma'anar wannan kalma?" Hoton faifan da mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta fitar a watan Oktoban 2025 ne, mai suna The Life of a Showgirl. Shekaruna masu yawa ina koyar da Ingilishi a nan Yamai, amma sai na tsinci kaina ina inda-inda, domin duk kalmar Hausar da ta zo bakina ba ta zauna daidai ba.

Ginin kalmar ba shi da wuya. Rabin farko, show, yana nufin wasan da ake shiryawa don 'yan kallo, rabi na biyu kuwa, girl, yarinya ne, kuma ana furta ta kamar "shogal" tare da ƙarfafa gaɓar farko. Sai dai wadda ake kira da wannan suna ba yarinya ba ce, mace ce baliga wadda sana'arta ita ce fitowa a dandamalin manyan gidajen wasa na dare, cikin tufafi masu ƙyalƙyali, da tarin gashin jimina a ka, a cikin jerin mata masu tsayi ɗaya da taku ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci a ma'anar shi ne ado da nuni, har ma a wasannin da wani mai shirya wasa, Florenz Ziegfeld, ya fara shiryawa a birnin New York a 1907 ana bambanta masu rawa ta haƙiƙa da dogayen matan da aikinsu kawai shi ne saukowa daga matakala sannu a hankali, suna ɗauke da kayan kai masu nauyi ba tare da sun karkata ba. Waɗannan na biyun su ne ainihin masu sunan.

Sana'ar ta yi ƙarfi ne a birnin Paris, inda aka buɗe gidajen wasa irin su Folies Bergère a 1869, sannan Moulin Rouge a 1889, Lido kuma a 1946. Abin dariya shi ne, Faransawa da abin ya girma a hannunsu sun ari kalmar Ingilishi, suna ce wa ɗaya daga cikin matan jerin "une girl", yayin da jagorarsu ake kiranta "meneuse de revue". Josephine Baker, baƙar fatar Amurka da ta isa Paris a 1925, irin wannan jagora ce, kuma a 2021 Faransa ta karrama ta a Panthéon, ginin da take tunawa da gwarazanta. Daga baya birnin Las Vegas ya mai da hoton macen mai gashin jimina tambarinsa, ko da yake babban wasan ƙarshe na wannan salo a can, Jubilee, ya rufe a 2016. Ni kam duk sanda na ga wannan gashi sai in tuna cewa a ƙarni na 19 ayarin raƙuma na kwasar irinsa daga Damagaram zuwa Tarabulus, daga nan ya haye Turai.

To, me zan ce wa yarinyar? Da fari na ce 'yar rawa, amma 'yar rawa a wurinmu ta haɗa da 'yan matan ƙungiyar matasa ta samariya da suka riƙa wakiltar jihohinsu a bikin matasa na ƙasa zamanin shugaban Nijar Seyni Kountché, waɗanda iyayensu ke zuwa kallo suna alfahari, kuma babu mai jin Ingilishi da zai kira su da waccan kalma. Zabiya ma ba ta yi ba, tunda zabiya da murya take ci. Wani abokin aikina da na tuntuɓa washegari ya yanke hukunci nan take, ya ce in rubuta karuwa in huta. Ban yarda da shi ba, kuma har yanzu ban yarda ba. Gaskiya ne shigar ba ta rufe jiki, a wasu wasannin ma ƙirji a buɗe yake, kuma ba abin da zan so ɗiyata ta yi ba ne. Amma ƙin abu daban, fassara shi daban. Ingilishi yana da kalmarsa ta mai tuɓewa don kuɗi, yana da ta mai sayar da jiki, kuma wannan ba ɗaya daga cikinsu ba ce. Da yawa daga cikin matan sun yi shekaru suna koyon rawar Turawa ta bale tun suna ƙanana, ana ɗaukarsu aiki bayan gwaji, ana biyansu albashi.

Akwai tarko guda da ɗalibai ke faɗawa. Suna zaton showman shi ne namijin kalmar, alhali shi yana nufin mai shirya wasa ko wanda ya iya jan hankalin taro, kuma yabo ne. Ita kuwa ta macen tana iya zama yabo ko raini gwargwadon bakin da ta fito. Idan mawaƙiya ta kira kanta da ita, tana nufin ta san wahalar da ke bayan ƙyalƙyalin, amma idan aka jefi ma'aikaciya ko 'yar siyasa da ita, ana nufin ado ne kawai babu komai a ciki.

A ƙarshe na rubuta wa yarinyar a bayan wata takarda: "mai rawar ado a gidan wasan dare". Ta karanta, ta yamutsa fuska, ta ce, "Kawu, ai wannan jimla ce, ba kalma ba." Na ce mata ta kawo wadda ta fi ta, in saya mata kilishi. Makonni uku ke nan ba ta zo karɓa ba.