Godiya bayan gyaran ogan ɗin cocinmu a Khartum

Salama gare ku, 'yan'uwa. Kwamitin mawaƙa na miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu ko aljihu har ogan ɗinmu, wato kayan kiɗan nan mai bututu da ke aiki da iska, ya sake tashi ranar Lahadin da ta wuce. Ga inda kuɗinku ya shiga.

Ogan ɗin ƙarami ne, madannai 56, jerin bututu huɗu, jimilla 224. Abu biyu ne suka kwantar da shi: ƙurar habub, wato guguwar ƙura, da bushewar iskar garin nan. Ƙura ta toshe bakin ƙananan bututun, bushewa kuma ta tsage katakon akwatin iska, shi ya sa in an danna sauti ɗaya sai na kusa da shi ya riƙa gunaguni. Matasa ne suka sauke bututun ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta wa kowanne lamba. Na ƙarfe, waɗanda haɗin kuza da dalma ne, an wanke su da ruwa mai ɗumi da sabulu, a hankali, domin matsin yatsa kawai na iya lotsa su. Na katako ba su ga ruwa ba, burushi mai laushi aka sa. Sannunku da ƙoƙari.

Babban aikin yana wajen zugazugi. Tsohuwar fatar ta bushe har tana karyewa a lanƙwasa. Godiya ta musamman ga Baba baduku, maƙwabcinmu Musulmi, Bahaushen Omdurman, wanda ya zaɓo fatun tumaki ya fere gefensu da wuƙa har suka kwanta lif a kan katako. Allah ya ƙara girma, Baba. Wasu sun kawo shawarar a manna da ƙaro tunda ga shi a ƙasar nan a yalwace. Ba mu yarda ba, ƙaro in ya bushe yana tsagewa. Farin gam na kafinta ma mun ƙi, don wanda zai yi gyara nan gaba sai ya kankare katako kafin ya cire shi. Gam ɗin fata da ake dafawa aka shafa da zafinsa, shi ruwan ɗumi ke sakinsa. An daidaita ƙarfin iska a milimita 75 a ma'aunin ruwa.

Zumuntar mata, abincinku ne ya riƙe ma'aikata. Mun gode, iyayenmu.

Saita murya da asuba aka yi ta, domin zafi na ɗaga sautin bututu, ko riƙe shi a hannu na ɗan lokaci ya isa ya canza shi. Don haka in kun ji ya ɗan hau a sujadar rana, ba lalacewa ba ce.

Mun ga wahalar ta cancanta saboda jama'armu ba harshe ɗaya ba ce. Mai Larabci, mai Hausa da mai Dinka duk sautin ogan suke bi su kama waƙa tare, kuma numfashinsa ba ya yankewa a tsakiyar baiti. Makaɗa, aikinku jan jama'a ne, kada ku buɗe jeri huɗu gaba ɗaya ku danne muryoyi sai a baitin ƙarshe.

Roƙonmu: a rufe tagogi da an hango habub, kada kowa ya ɗiga mai a sandunan da ke buɗe jerin bututu, kuma wanda ya ga alamar gara ko ɓera a bayan akwatin ya sanar da kwamiti a ranar.