Me ya sa rabin goma?

Tun da na dawo daga darasin yamma, maganar da muka yi da mahaifin sabuwar ɗalibata take yi mini yawo a rai. Kafin mu zauna ya tare ni cikin mutunci ya ce, "Malam, kada ka ga kamar raini ne, ina so in san abin da ka karanta da kuma shekarun da ka yi kana wannan aiki." Tambayar ta dace, domin babu uban da zai miƙa 'yarsa ga wanda bai san zurfin karatunsa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, digirina na farko a fiziks na yi shi, na ƙara da difloma ta koyarwa, na yi shekara 6 ina riƙe da aji a sakandare, yanzu kuma shekara 5 ke nan ina bin ɗalibai gida da lissafi da fiziks." Ya gamsu, ya nemi in kawo masa kwafin takardun ranar Asabar.

Da muka buɗe littafi, na ba ta x² + 10x = 39. Matakan duk suna kanta: ta raba 10 biyu ta sami 5, ta ninka shi da kansa ya zama 25, ta ƙara a kan 39 ya ba ta 64, ta gane 8 ne idan aka ninka shi da kansa yake ba da 64, ta cire 5, ta rubuta 3. Sai ta ajiye fensir ta ce, "Malam, me ya sa rabin goma ake ɗauka, ba goman gaba ɗaya ba?"

Na zana mata murabba'i wanda kowane gefensa x ne, na jingina masa ziri mai faɗin 5 a dama, na shimfiɗa wani irinsa a ƙasa, domin kowane ziri 5x ne, su biyun kuma su ne 10x. A kusurwa sai ga giɓi ya bayyana, biyar tsawo biyar faɗi. Ban ce uffan ba. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta cike giɓin da fensirinta, ta rubuta 25 a ciki da kanta, tana murmushi. Na gaya mata wannan lissafin da irin wannan zanen sun fito ne daga masanin lissafi Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta su a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi zalla ba tare da alamar x ba, kuma daga kalmarsa ta al-jabr aka sami aljebra. Na tuna mata cewa -13 ma amsa ce, ko da yake zane ba ya nuna ta, kuma a jarrabawa za a neme ta.

Abin da ya dame ni shi ne, har na karɓi digirin da na ambata wa mahaifinta ban taɓa ganin wannan zanen ba. A shekarata ta biyu a aji wani yaro ya yi mini wannan tambayar sak, na ce masa haka ƙa'idar take, ya haddace kawai. Na ga yadda fuskarsa ta canza, kuma har zangon ya ƙare bai sake ɗaga hannu ba. Kunyar wannan rana ce ta sa na koma na binciko dalilin, amma kafin in same shi yaron ya bar makarantar.



Na sa kwafin takardun a jaka. Har yanzu ina auna ko ranar Asabar zan haɗa wa mahaifinta da labarin yaron nan.