Littafin awona a ofishin inshora

Saura kamar mako biyu a ɗauki azumin 2023 wata mota ta kwashi Adaidaita Sahun da nake ciki a titin Gidan Zoo a Kano. Ni tela ne, shagona yana Fagge, kuma ranar na fito ne daga kai wa wani abokin ciniki kaftani guda uku. Ban ga motar ba. Ƙara kawai na ji, sai na gan ni kwance a gefen kwalta, ƙafata ta dama ta juya inda bai kamata ta juya ba. A asibitin ƙashi na Dala hoto ya nuna ƙwauri ya karye gida biyu, aka yi mini tiyata aka sa ƙarfe. Da ƙafar dama nake taka keken ɗinki, kuma ɗinkin sallah shi ne kakarmu, abin da tela ya tara a makonnin nan da shi yake rufe ramukan shekara.

Kwana biyu da tiyata mahaifin yaron da ya tuƙa motar ya zo dubiya, tare da limamin unguwarsu da wasu dattawa biyu. Mutumin kirki ne, ba zan ɓoye ba. Ya zauna a bakin gado ya riƙe hannuna, ya ajiye naira dubu ɗari, ya ce, "Malam, ƙaddara ce ta haɗa ka da yaron nan. Don Allah a yi haƙuri, a yafe masa." Kafin in buɗe baki kawuna ya amsa, "Haba Alhaji, ai mun yafe. Wanda ya buge da wanda aka buge duk namu ne." Ni ma har zuciyata na yafe wa yaron, don na ga yadda yake rawar jiki a bakin ƙofa.

Sai yayana, wanda ya daɗe yana aikin tuƙi, ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, motar tana da inshora kuwa?"

Ɗakin ya yi tsit. Kawu ya harare shi kamar ya yi saɓo. A garin nan idan an ce an yafe, to magana ta ƙare, wanda ya ƙara tambaya sai a ce ba shi da tawakkali, ko yana son cin kuɗin jini. Amma Alhaji bai ji haushi ba. Ya ce akwai wata takarda da ake sabuntawa tare da lasin, shi dai bai taɓa sanin tana da wani amfani ba in ban da nuna wa jami'an hanya.

Haka yawancinmu muka ɗauke ta. Alhali doka ta tilasta wa kowace mota wannan inshora ne saboda irina, mutumin da mota ta ji wa ciwo ko ta lalata masa dukiya. Daga ranar 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya kan ɓarnar dukiya daga miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. Yayana ya sa lambar motar a rumbun NIID, inda ake tantance inshorar gaske da ta bogi, sai ga ta ta fito da sunan kamfani da ranar ƙarewa. Da a hannun 'yan bakin ofishin lasin aka yanko ta, da labarin nan ya tsaya a nan.

Duk da haka raina bai kwanta ba sai da na tambayi malaminmu na makarantar dare. Ya ce mini malamai sun yi saɓani kan inshorar kasuwa, shi ya sa ma aka samar da takaful, wato inshorar Musulunci, amma ni ba ni na ƙulla cinikin ba, ni wanda aka raunata ne. Ya tuna mini cewa a suratun Nisa'i, aya ta 92, an ambaci diyya a kisan kuskure, kuma a fiƙihu dangin mai kuskuren ne suke taruwa su biya. Ya ce, "Ɗana, yafe wa yaro alheri ne, karɓar haƙƙinka kuma halal ne. Ɗaya ba ya korar ɗaya." Da wannan na tsaya.

Kamfani ba ya motsi sai mai motar ya sanar da shi hatsarin a rubuce, kuma Alhaji ya yi hakan a cikin makon. Mu kuma muka shiga tara takardu: rahoton 'yan sandan sashen hatsari da zanen wurin, hotunan ƙashi, takardar kwanciya da ta sallama, da rasit. A nan wahalar kuɗi ta lokacin ta yi mini rana. Lokacin canjin naira ne, tsabar kuɗi ta ɓace a gari, don haka kusan duk maganin da aka saya da tiransifa aka biya ko ta POS. Inda mai kemis bai ba da rasit ba, bayanin asusun banki ya nuna rana da adadi. Matata ta samo ambulan babba tana zuba komai a ciki, har ɗan guntun takardar kuɗin sanda. Da muka haɗa, kuɗin asibiti da magani da gashin ƙashi ya kai naira 780,000.

Wata biyu bayan haka aka kira mu ofis. Na je da sanduna biyu, yayana na riƙe da ambulan. Jami'in ya karɓe mu da fara'a, ya duba takardu, ya ce sun amince su biya 450,000. Ya cire duk maganin da aka saya a waje, ya ce babu hatimin asibiti. Ya cire kuɗin gashin ƙashi. Ya cire dubu ɗarin Alhaji. Sannan ya turo mini takarda da biro ya ce, "Malam, ka san inshorar dubu goma sha biyar ce. Ka sa hannu nan, cikin mako biyu ka ji alat."

Wallahi na so in sa. Azumi ya wuce, sallah ta wuce, shago a rufe, yaran shago biyu sun koma wurin wani, mai gida yana aiko da saƙon haya. Hannuna har ya kai kan biron. Yayana ya dafa takardar ya ce, "Yallaɓai, a ba mu kwafi mu je mu karanta."

Wani lauya ɗan unguwarmu ya karanta mana ita a zaure bayan la'asar. Takardar sallama ce, kuma a cikinta akwai layin da ke cewa na karɓi wannan kuɗi a matsayin cikakken biya na ƙarshe, ba ni da sauran wata magana a kan kamfani ko mai mota har abada. Ya ce, "Ƙarfen da ke ƙafarka, wa zai biya kuɗin cire shi?" Ban taɓa tunanin wannan ba. Ya kuma warware mini abin da jami'in ya dunƙule: iyakar miliyan ukun nan ta dukiya ce, mota ko shago ko katanga. Rauni a jikin mutum da rasa rai ba a yanka musu wannan iyaka ba, abin da ka iya tabbatarwa shi ake magana a kai. Arhar kuɗin inshorar ba ta rage girman karayar.

Ya sa na koma wurin likita na nemi cikakken rahoto. Likitan ya rubuta watannin da zan yi ban taka keke ba, ya rubuta cewa za a sake tiyata a cire ƙarfen bayan ƙashi ya haɗe, da kiyasin kuɗinta, ya kuma rubuta cewa idon sawun ba zai lanƙwasu kamar da ba. Ya tabbatar da cewa magungunan da muka saya a waje shi ya rubuta su. Wannan takarda guda ta dawo da rabin abin da aka cire.

Abin da ya fi wuya shi ne asarar aiki. Ma'aikacin gwamnati takardar albashi zai miƙa. Tela fa? Jami'in ya faɗa ƙarara cewa ba za su biya abin da babu shaida ba. Ina kwance da dare sai na tuna littafin awo. Kowane tela yana da shi: dogon littafi mai baƙin bango, kowane shafi da sunan mai kaya, tsawon riga, faɗin kafaɗa, hannu, wuya, sannan a ƙasa kuɗin ɗinki, abin da aka bayar da abin da ya saura. Nawa na shekara uku suna cikin durowar keke, gefensu duk man keke da alli. Muka zauna da ƙanina muka fitar da aikin Sha'aban da Ramadan na 2021 da na 2022, shafi bayan shafi. Muka kuma fitar da mutum 41 da suka riga suka kawo shadda a 2023, waɗanda aka mayar wa kayansu da kuɗin kafin alƙalaminsu ina kwance.

A zama na biyu na ajiye littattafan a kan teburinsa. Ya buɗe yana murmushi, amma da ya ga kwanan wata da lambobin waya, ya ga wasu adadin sun yi daidai da abin da ya shiga asusuna, sai ya gyara zama ya kira wani abokin aikinsa. Lauya ya rubuta musu buƙatar miliyan biyu da dubu ɗari huɗu, kowane kaso da hujjarsa a gefe. Suka dawo da 900,000. Muka ce a rubuto mana dalilin kowane abin da aka rage. Wannan ita ce dabarar da ta fi yi mana aiki, domin abin da mutum zai faɗa da baki cikin sauƙi, yakan yi nauyi idan aka ce ya sa hannu a ƙasansa. Da aka yi wata guda shiru, lauya ya rubuta cewa za mu kai koke NAICOM, in ta kama kuma kotu. Ba mu ɗaga murya ko sau ɗaya ba.

Mu ma mun sassauta. Na yarda a cire dubu ɗarin Alhaji, don gaskiya na karɓa. Na yarda a rage lissafin asarar aiki, tunda ƙanina ya ɗan riƙe shagon daga baya. Amma kuɗin tiyata ta biyu na ce ko kwabo ba zan sauka ba. A wata na bakwai muka tsaya a kan naira miliyan ɗaya da dubu 650. Sai a ranar na sa hannu a takardar sallama. Dokar inshora ta 2003 da ake aiki da ita a lokacin ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan wannan takarda, nasu ya shigo a kwana na 26. Na sallami lauya, na biya bashin asibiti da haya, na ware kuɗin cire ƙarfe ban taɓa ba har aka cire shi a 2024.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne direban Adaidaitar. Shi ma ya karye a hannu. Tun a wurin hatsarin mutane suka taru aka yi sulhu, aka ba shi dubu arba'in, 'yan uwansa suka wuce da shi wurin mai ɗori. Babu hoto, babu rasit, sunansa ma bai shiga cikin waɗanda suka ji rauni a rahoton 'yan sanda ba. Ina can ina fama da kaina, ban neme shi ba sai bayan wata biyar. Na same shi a Sheka, na ce ya zo mu je wurin lauya ko za a iya yin wani abu. Ya ce, "Yaya, ai na riga na ce na yafe a gaban mutane, da wane ido zan koma?" Na yi masa bayanin malam, na yi na lauya, ya ce zai yi shawara da mahaifinsa. Hannun ya haɗe a karkace, ba ya iya riƙe kan Adaidaita na tsawon yini, mai mashin ɗin ya karɓe abinsa. Yanzu rake yake sayarwa a baro, kuma na koma wurinsa sau biyu.