Daga takarda zuwa waya: yadda zanen fuska ke isa ga jama'a ba tare da ya lalace ba

Sana'ar zanen fuskar mutum da fensir ko gawayi a yau kashi biyu ce: aikin takarda da aikin hoto. Kwastoma ta waya yake fara ganin zanensa kafin takardar ta kai hannunsa, sababbin masu son a yi musu zane kuwa abin da aka ɗora a intanet kaɗai suke dubawa su yanke shawara. Shi ya sa abin yake ci mini rai in ga mai zane ya shafe awa ashirin yana fitar da gashin gira ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗauki hoton da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ya tura ta WhatsApp, ya sauke, ya sake ɗorawa a Facebook. Kafin hoton ya isa ga jama'a, rabin wahalarsa ta bi ruwa.

A wurin aikinmu kowane zane yana da fayil guda da muke kira uwa. Shi ne mafi girma, mafi tsabta, kuma ba a taɓa shi. Duk abin da za a ɗora ko a tura wa wani, daga jikin uwar ake cire shi, ba daga jikin wani kwafi ba.

Samun uwa mai kyau yana farawa tun daga ɗauka. In zanen fensir ne da bai wuce A4 ba, sikana, na'urar da ake kifa takarda a gilashinta ta kwafe ta zuwa kwamfuta, ta fi komai. Takardar A4 in aka saita sikana a kan ɗigo 300 a inci tana ba da fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, 2480 a faɗi, 3508 a tsawo, kuma wannan ya isa a sake buga ta daidai girmanta. Mu 600 muke sawa, saboda wata rana kwastoma zai ce a buga masa babba; fayil ɗin launi zai kai kusan megabait 100 in ba a matse shi ba, amma ya ci kuɗinsa. Kada a zaɓi tsarin baƙi da fari zalla, domin shi kala biyu kawai ya sani, duk laushin inuwar kumatu zai koma ɗigo-ɗigo. A ɗauka da launi ko da zanen toka-toka ne. Sannan a kashe duk gyaran da sikana ke yi da kanta: ƙarin kaifi, daidaita haske, cire ƙura. Mai cire ƙurar nan ba ya bambance ƙura da ɗigon fatar da aka zana da gangan.

Matsalar fensir ita ce ƙyalli. Inda aka danna fensir mai baƙi ƙirin irin 6B ko 8B sosai, kamar ƙwayar ido ko cikin gashi, wurin yakan yi santsi ya mayar da hasken sikana, sai baƙin ya fito fari-fari kamar an shafa masa azurfa. Wani lokaci juya takardar a kwance a sake ɗauka yana rage shi. In bai ragu ba, sai kyamara. Gawayi kuwa tun farko kada a kifa shi a gilashi in ba a fesa masa maganin riƙewa ya bushe ba, zai goge kuma ya ɓata gilashin.

Ɗauka da waya tana yiwuwa sarai. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da kusan 4000 a 3000, wanda ya ɗara abin da A4 ke bukata muddin zanen ya cika hoton. A manna takardar a allo ta miƙe tsaf, a ajiye kusa da taga inda rana ba ta dukanta kai tsaye. In da fitila za a yi, a sa biyu iri ɗaya, hagu da dama, kowace a karkace kamar digiri 45, ta haka ƙyallin zai wuce gefe bai shiga idon kyamara ba. Ba a kunna filashi. A goge idon kyamarar, a kafe wayar a kan wani abu, bayanta ya yi daidai da fuskar takardar. Ɗan karkata kaɗan yana tsawaita haɓa ko ya faɗaɗa goshi, kwastoma ya ce bai yi kama da shi ba alhali zanen daidai yake. A ja baya kaɗan maimakon a matso, domin kusanci yana lanƙwasa gefuna. A sa lokaci na daƙiƙa uku don kada hannu ya girgiza ta.

Abu biyu ne wayoyi ke yi da ke cutar da mu. Na farko, in suka ga farar takarda sai su ɗauka haske ya yi yawa su rage, takardar ta fito ruwan toka. A taɓa fuskar wayar a ɗaga hasken kaɗan. Na biyu, waya takan gane fuskar da ke cikin zane a matsayin fuskar mutum, in kuwa tsarin gyaran fata yana kunne sai ta shafe layukan fensir ta mai da kumatu sumul kamar roba. A kashe shi, a kashe mai dusashe bango ma.

Gyara kaɗan ake yi: a yanke gefe, a daidaita fari da baƙi har hoton ya yi kama da takardar da ke gabanka. Kada a ja farin har ya cinye inuwa mai laushi ta gefen hanci da ƙasan ido, nan ne ran fuskar yake. Daga nan a adana uwar a nau'in fayil na TIFF ko PNG, waɗanda ba sa zubar da komai.

JPEG kuwa kowace adanawa sai ya zubar da wani abu. Yana yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai na fiksel 8 a 8, ya jefar da ƙananan bambance-bambancen da yake ganin ido ba zai lura ba. To zanen fensir kusan dukkansa irin waɗannan ƙananan abubuwa ne. Buɗe hoton da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu, ka faɗaɗa kan ido: za ka ga wani hazo kamar sauro ya kewaye gashin ido, inuwar kunci da ta sauka a hankali ta koma mataki-mataki, hasken ƙwayar ido ya zama ɗan murabba'i. Buɗewa a duba a rufe ba ta rage komai, gyarawa a sake adanawa ce ke ragewa. Saboda haka sau ɗaya ake fitar da JPEG, a ƙarshe, da inganci wajen 90 cikin 100, a tsarin launi na sRGB. In aka bar shi a Adobe RGB, zanen fensir mai launi yakan fito a koɗe a wasu wayoyin.

Kowane dandali zai matse hotonka, ba makawa, amma gara kai ka rage girman da kanka da manhaja irin GIMP ko Photoshop, ka ɗan ƙara kaifi bayan ragewar. Na Instagram muna fitar da 1080 a 1350. Siffar A4 ta fi wannan tsawo, don haka a ƙara farin fili hagu da dama, in ba haka ba za a sare saman kai ko sa hannun mai zane. Na Facebook, gefe mai tsawo 2048. Lambar ɗigo a inci ba ta da tasiri a fuskar waya, 72 ko 300 duk ɗaya ne. Yawan fiksel ne abin dubawa.

WhatsApp yana rage hoton da aka tura ta hanyar da aka saba. Zaɓin HD da ya fito a 2023 ya rage ɓarnar, amma har yanzu akwai matsewa. In kwastoma zai buga, a tura masa a matsayin dokumen, ko a sa a Google Drive a ba shi hanyar saukewa. Haka muke roƙon kwastomomi su ma su turo hoton da za a zana, domin daga hoton da aka ɗauka a fuskar waya ba ka ganin inda fatar ido ta naɗe, sai ka koma ƙirƙira. A kula, fayil ɗin da aka tura a dokumen yana tafiya da bayanan da waya ta rubuta a cikinsa, har da wurin da aka ɗauka in an kunna tsarin nuna wuri. A cire su kafin turawa.

Cikakken girma ba a ɗora shi a fili, wanda ya biya shi ake ba. Tambarin suna a sa shi ƙarami a kusurwar kwafin, kada a shimfiɗa shi a kan fuska, kuma kada ya hau uwar. Ita uwar a ba ta suna mai kwanan wata da girman takarda, a ajiye ta wuri uku: kwamfuta, faifan ajiya na waje, da intanet. Bayan an ɗora, a ari wayar wani a buɗe hoton a faɗaɗa kan idanu. In gashin ido ya haɗe ya zama dunƙule, a goge a sake fitarwa daga uwar.